Kada Gwaggo Ta Rufe Ido

A unguwar bayan tabki, a Dogon Dutsi, in aka ambaci Zalihatu ta gidan Illo mai awon gujiya, kowa da abin da yake faɗi. Masu ɗibar ruwa sun ce ba su taɓa riga ta zuwa rijiya ba. Masaƙin unguwa ya ce babu zaren da ya kai nata laushi, ya dai kasa gane lokacin da take kaɗa shi, tunda yini take cikin aikin gidan ƙanenta. Iya Ladidi mai fura, wadda danga ɗaya ta raba su, ta ce ita ta sani: duk sa'ad da ta tashi kama ruwa, sai ta hangi fitilar Zalihatu ta kafofin danga. Wasu sun ce ibada ce. Wasu sun ce tunanin mijinta ne, Jibo, wanda suka kwanta lafiya a Sukukutane, ta farka ta same shi ya yi sanyi a gefenta. Ba wanda ya taɓa jin ta yi faɗa da wani. Abin da kawai ake ƙarawa, da murya ƙasa-ƙasa, shi ne uwarsu, ita da Illo, daga wani ƙauye na wajen Lugu aka auro ta, kuma har ta koma ga Allah ba ta bar yi wa iskokin gidansu yanka ba.

Ita Zalihatu ba ta kai kukan rashin barcinta wurin kowa ba. Ta koyi zama da shi. Ta sha kunu mai ɗumi bayan isha'i, ta ja carbi, in ya ƙi ta ɗauki mazari da auduga. Wajen asuba barci yakan leƙo ya ɗan ɗauke ta, da wannan take yini. Abin da ke sanyaya mata rai a gidan shi ne Sa'a, ɗiyar Illo, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Yarinyar ba ta cin tuwo sai a hannun Gwaggo, ba ta yarda wani ya yi mata wanka sai Gwaggo.

Shekarun nan ne na farko bayan an sauke tutar Faransa. An sa Illo cikin komitin jam'iyya na unguwa, ya sayi keke, ya fara zama da ma'aikata a gindin itacen bedi, yana maganar zuwa Makka in gujiya ta yi kyau. Ba ya son a tuna masa daga inda uwarsa ta fito.

Cikin damina aka yi wani ruwa mai sanyi, irin wanda ke zuba a hankali har gari ya waye. Zalihatu ta kishingiɗa da mazari a hannu, ba ta ƙara sanin inda take ba sai da rana ta shigo ta ƙofa. Tun mutuwar Jibo ba ta yi irinsa ba. Ta fito jikinta sakayau, har tana shirin ba Safiya, matar Illo, labari su yi dariya.

Ta tarar da Safiya zaune a ƙasa cikin laka, Sa'a a cinyarta ta sanƙare, ido ya juye, kumfa na fita ta gefen baki. Ta miƙa hannu za ta karɓe ta. Safiya ta juya mata baya.

Daga baya ta ji cewa tun kafin asuba jikin yarinyar ya yi zafi, kuma kafin ta sanƙare suna ɗaya take kira: Gwaggo, Gwaggo. An buga mata ƙofa ba ta ji ba. A ƙasar nan kowa ya san abin da ake cewa in marar lafiya ya riƙa kiran sunan mutum cikin magagi. Kowa ya san kuma yadda ake cewa maye yakan kwanta kamar gawa, abin da ke cikinsa ya fita ya kama kurwar wanda ke barci. Safiya ta haɗa wannan da yadda Jibo ya mutu. Ba ta faɗa da baki ba. Ta dai ɗauke ƙoƙon shan ruwan yarinyar daga ɗakin Zalihatu.

Da la'asar Illo ya shigo ɗakin yayarsa da goro a ganye. Ya daɗe yana maganar ruwan jiya da yadda hatsi ya yi kyau, sannan ya ajiye goron a gabanta.

"Yaya, ba wanda ya ce komi. Ni ban ce ba, Safiya ba ta ce ba."

"Komi kamar mi?"

Ya ce uwa ce, hankalinta ya tashi, kuma mace in ta tsorata ba a yi mata gardama. Abin da yake roƙo ƙarami ne. Ta zauna ido biyu da dare har yarinyar ta samu sauƙi, da rana ta rama. Ya ce ai ita dama ba barci take yi ba, to me za a rage ta da shi.

Zalihatu ta dube shi. Ita ta goya shi lokacin da uwarsu ke gona. Ta ce, "Illo, mayya kake ce mini?"

"Subhanallahi. Kin ji na faɗi haka? Wani gida da an fitar da kayanki waje. Mu nan ba mu yi miki haka."

Ta ɗauki goron, don ba ta san abin da za ta yi da hannunta ba.

Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, daidai inda Safiya za ta iya ganin ta daga ƙofa. Abin mamaki, barcin da ta yi wata da watanni tana nema, da aka hana ta shi sai ya riƙa zuwa da ƙarfi. Safiya ta leƙo ta ga kan Zalihatu ya sunkuya. Washegari da magariba ta cika ƙwarya da ruwa har baki, ta ɗora mata a cinya. Ta ce don taimako ne, in gyangyaɗi ya zo ruwan zai tashe ta. Da safe kuma abin da Safiya ke fara duba shi ne zanen Zalihatu, ko ya jiƙe.

Ramuwar rana ba ta samu ba. Safiya ta lura marar lafiya da rana ma barci take, saboda haka duk sa'ad da Sa'a ta rufe ido sai a kira Gwaggo a ba ta aiki. Lokacin da aka yarda ta kwanta shi ne sa'ad da yarinyar ke farke, wato da hantsi, lokacin ruwa da daka da surfe, kuma babu wanda zai yi su in ba ita ba, tunda Safiya na jinya. In ta samu ta kwanta ɗin, sai ta kasa kunne. Tari kaɗan daga ɗakin Safiya ya isa ya miƙar da ita zaune.

Sa'a ta fara shan kunu. Ta fara zama. Safiya ta fito da ita tsakar gida, ta ce wa mijinta, a gaban Zalihatu, "Ka gani ko? Tun da anka fara, ba ta sake ba."

Wannan maganar ta fi ƙwaryar ruwa nauyi. Zalihatu ta yini tana juya ta. Ta yi barci, Jibo ya mutu. Ta yi barci, Sa'a ta sanƙare. Ta daina, yarinya ta tashi. An ce mai abin nan wani lokaci shi kansa bai san yana da shi ba. Ta riƙa taɓa cikinta, tana neman ko akwai wani abu a ciki da ba nata ba.

Ta tare Illo a zaure yana shirin fitar da keke. Ta ce in ana zargin ta, a yi yadda aka saba. A kira tsofaffi, a kwantar da yarinyar, ta tsallake ta, ta kuskure baki a ba ta ruwan ta sha. In akwai abin da ta riƙe, ya saki. Ta ga an yi wa wata a Sukukutane, ana gamawa kowa ya koma gidansa. Kunya ce ta yini ɗaya, za ta iya ɗauka.

Illo ya leƙa waje ya ga ko akwai mai ji, ya dawo ya rage murya. Ya ce ba a gidansa ba. Yanzu ƙasa ta samu kanta, ana maganar ci gaba, shi yana cikin komiti, ba za a ce an yi tsallake a gidansa kamar a ƙauyen arna ba. Ya ce kuma ta yi tunanin Sa'a: wa zai auri ɗiyar gidan da aka tabbatar da maita? Ya ce ta ƙara haƙuri kaɗan.

"Har yaushe?"

"Har hankalin Safiya shi kwanta."

Akwai abin da bai faɗa ba, ita ma ba ta faɗa ba. Maita a nono ake cewa ana shan ta, kuma nono ɗaya suka sha.

Daga nan kwanakin Zalihatu suka fara lalacewa ta wajen yamma. Da zarar inuwar rumbu ta kai bakin turmi, sai gabanta ya fara faɗuwa. Ƙarar dakan maƙwabta na tuwon dare, wadda a da take jin daɗinta, yanzu in ta ji sai bakinta ya bushe. Kiran sallar magariba ya zama mata kamar kiran sunanta a gaban alƙali. Ta riƙa jan aiki don kada ya ƙare, ta wanke tukunyar da ta riga ta wanke, ta share inda ta share.

Goro ya yi mata gyambo a baki. Zarenta ya fara fita kauri da siriri, masaƙi ya mayar mata da shi ya ce ko wata ce ta kaɗa. Ta zuba gishiri sau biyu a miya, Safiya ta ce da gangan ne. A salla ta kan tsaya ta rasa ko raka'a ta nawa take, ta sake daga farko, ta sake rasa. Ƙasa takan yi mata motsi kamar tururuwa sun rufe ta. Wani lokaci ta ji tarin Jibo a bayan rumbu. Ta gano cewa in ta caka tsinin mazari a cinya, idonta yakan buɗe na ɗan lokaci, cinyar ta cika da tabo baƙi-baƙi.

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne barcin da ke sace ta a tsaye. Tana daka, sai ta ga taɓarya a ƙasa, ba ta san lokacin da ta sake ta ba. Sai ta ruga ƙofar Safiya tana haki, tana tambaya ko yarinya lafiya. Safiya takan tare ƙofar da jikinta. Sa'a in ta hango ta sai ta miƙo hannu tana kuka, a janye ta ciki. Safiya ta ce kiran nan ma alama ce, abin bai gama sakin ta ba.

Iya Ladidi ta taɓa leƙowa ta kan danga ta ce, "Ke Zalihatu, idonki ya faɗa kamar rijiyar rani. Ko wani tsoho ne ya hana ki kwana, ba mu sani ba, mu shirya rawa?" Zalihatu ta yi ƙoƙarin dariya, ta ce ciwon kai ne. Illo ya gargaɗe ta, maganar gida ba ta tsallake danga.

Wata rana da azahar Illo ya dawo cin abinci. Zalihatu na tsaye gabansa da buta tana zuba masa ruwa a hannu, yana yi mata maganar ta rage zubawa. Sai ihun Safiya daga ɗaki. Sa'a ta sake sanƙarewa.

Butar ta faɗi. Zalihatu ta kama hannun rigar ƙanenta da hannu biyu.

"Ban yi kwana ba. Illo, kana kallona, ka ga idona. Ban yi ba, ko?" Muryarta ta yi ƙasa. "Ko na yi?"

Ya fizge rigarsa. Wannan karon ya tsorata sosai, ya ɗora Safiya da yarinyar a bayan keke sai gidan likita. Lokotoro, kamar yadda suke kiran likitan, ya taɓa yarinyar, ya ce zazzaɓin damina ne, in ya yi zafi a jikin yara yakan hau kai ya sa su haka, kuma gadajensa cike suke da irinta. Ya yi mata allura, ya ba da kinin, ya ce da sun kawo ta tun na farko da ba a kai ga na biyu ba.

A hanyar dawowa Safiya ta ce lokotoro abin da Nasara suka koya masa kawai ya sani, kuma ita ta tabbata Gwaggo ta yi gyangyaɗi a tsaye, ai ta saba. Illo ya san ba haka ba ne. Idonta cikin nasa yake lokacin da ihun ya tashi. Ya ci gaba da tuƙa keke. Da suka iso, Zalihatu na durƙushe a bakin zaure inda suka bar ta, ta tambaye shi abin da aka ce. Ya ce an ba da magani. Da magariba Safiya ta cika ƙwarya, shi kuma ya fita masallaci ta gefensu. Ya gaya wa kansa gida ya yi shiru, yarinya na shan magani, a bar damina ta wuce tukuna.

Damina ta wuce. Aka yanke hatsi, aka fara tonon gujiya. Sa'a ta murmure har tana bin kaji da gudu. Safiya ta gaji da leƙe, ta daina cika ƙwarya, wata rana ma ta ce, "Gwaggo, in kina so ki shiga ɗaki mana." Ta juya ta ci gaba da aikinta.

Zalihatu ta shiga ɗaki ta kwanta. Bayanta na taɓa tabarma, ƙirjinta ya fara bugawa kamar ana daka a ciki. Ta rufe ido, ta ga fuskar Sa'a da ido a juye. Ta tashi ta fita ta cika ƙwaryar da kanta.

Da Illo ya ga haka ya ce wa ya sa ta? Ai ba wanda ya hana ta yanzu, ita ke wahalar da kanta. Ta ce abu ɗaya take so, ya faɗa mata da bakinsa cewa ba ita ba ce, ko a ɗaki, ko su biyu. Ya ce shi tun farko bai ce ita ce ba, to me zai janye? Ya ce yana da awo gobe, ga baƙi za su zo daga Yamai, ta bar shi ya ji da abin da ke gabansa.

Ƙafafunta suka kumbura saboda zama. Ta daina cin tuwo, don ƙoshi na kawo barci. Yanzu ba yamma kaɗai take tsoro ba. Inuwa mai sanyi, iskar hantsi, jingina da bango, duk ta guje su. Takan tsaya cikin rana da gangan.

Ran da abin ya fito, da safe ne a rijiya. Ta zura guga, ya cika, ta fara ja. Matan da ke wurin suka ga kanta ya faɗi a ƙirji, igiya na gudu ta cikin hannunta, jikinta na bin ta. Wata ta cafke zanenta ta baya, wata ta riƙe ƙugunta, suka faɗi tare a kan laka, gugan ya tafi ƙasa. Ta buɗe ido ta ga fuskoki a kanta. Ba ta tambayi abin da ya same ta ba.

"Na yi kwana? Ku gaya mini, na daɗe? Wata ta je ta dubo Sa'a. Don Allah ku riƙe ni kada in koma, ɗiyar mutane za ta mutu."

Matan suka dubi juna. Iya Ladidi ta kore su baya, ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta jiƙa gefen gyalenta ta goge mata fuska. Ba ta yi mata tambaya da yawa ba, ta dai bar ta ta yi magana. Da zanen ya zame ta ga cinyar, sai ta rufe mata, ta miƙe.

Illo na zaure da 'yan komiti suna shawarar tarbar baƙi, sai ga Iya Ladidi riƙe da hannun yayarsa, mata na biye da tuluna a ka. Suka ratsa ta tsakiyar maza ba sallama. Ya bi su ciki yana tambayar ko lafiya.

"Lafiya lau, Malam Komiti," in ji Iya. "Mun zo mu ƙarasa aikin da kunka fara. Safiya, ɗauko ɗiyarki ki shimfiɗa tabarma."

Ya ce wannan maganar gida ce. Iya ta ce gidan ya kusa faɗawa rijiya yau, da sai a ga ko da sikelin gujiya zai ciro shi. Ta ce ita tun yana yawo ba wando ta san shi, kuma a zamanin iyayensu in ana zargin mutum a fili ake faɗa masa, a yi abin da za a yi kafin rana ta faɗi, a ci tuwo tare. Ba ta taɓa jin inda aka zaunar da mace damina guda da ƙwarya a cinya ba, ko a wurin masu salla ko a wurin masu iskoki.

Mazan zaure sun taso sun tsaya a bakin ƙofa. Safiya ta fito da Sa'a, tana cewa ita ba ta taɓa kiran kowa da wani suna ba, kowa ya shaida, ita dai ɗiyarta take tsoro. Aka kwantar da yarinyar. Tana ganin Gwaggo ta fara dariya, ta ɗauka wasa ne.

Zalihatu ta matso. A fuskarta babu kunya, sai wani irin ɗoki, kamar wanda ya hango gida bayan doguwar tafiya. Ta tattare zane ta ɗaga ƙafa. Ƙafar ta ƙi tashi. Ta sake gwadawa, gwiwarta ta lanƙwashe, ta dafa ƙasa. Ta ce su yi haƙuri, su ɗan ba ta lokaci, yanzu za ta iya.

"Huta tukuna," in ji Iya. Ta juya wajen Illo. "Kai ka fara. Cire takalmi."

"Ni?"

"Kai mana. Ba a nono anka ce ana shan ta ba? Ita ta sha ta bar maka saura. In za a yi, a yi duka, kada mu sake taruwa baɗi."

Wani daga cikin mazan ya yi tari. Illo ya dubi ƙofa, ya ga waɗanda yake zama da su a gindin bedi, ya ga maƙwabta a kan danga. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Uwata ba mayya ba ta! Duk garin nan ba wanda ta taɓa cuta. Zazzaɓi na, lokotoro ya faɗi, da kunnena na ji. Ran da yarinyar ta faɗi, Yaya na tsaye gabana idonta biyu, ni na gani."

Safiya ta sunkuyar da kai. Zalihatu, daga inda take durƙushe, ta ɗago a hankali.

"Ka gani?"

Illo ya kau da kai.

"Tun ran nan ka gani, Illo? Na tambaye ka."

Ba wanda ya doke ta a gidan nan. Ba a hana ta tuwo ba, ba a fitar da kayanta waje ba, ba a kira ta da mugun suna ko sau ɗaya ba. Da an kai maganar gaban alƙali, da ya rasa abin da zai kama. Goro aka ba ta, da ƙwaryar ruwa, da haƙuri. Kalmar da take roƙo tana bakin ƙanenta tun tsakiyar damina, ya riƙe ta don gidansa ya yi shiru, kuma ba ta fito ba sai da aka ce shi ma ya cire takalmi. Duk wanda ke tsaye a wurin ya ga haka, shi ma ya ga sun gani.

Sa'a ta gaji da kwanciya, ta tashi ta haye cinyar Gwaggo, daidai kan tabon. Zalihatu ta ɗaga hannuwanta sama, ta kasa taɓa ta. Ta dubi Iya, ta dubi Safiya, ta tambaya ko ba komai in ta riƙe ta. Ta ce ita har yanzu tsoro take ji, ba ta san yadda ake kwanciya ba kuma, ko an ce ta kwanta ba ta jin za ta iya.

Illo ya zo ya durƙusa a gabanta, a kan ƙasa, da babbar rigarsa ta tarbar baƙi. Ya kama hannuwanta ya sauke su a kan bayan yarinyar. Ya buɗe baki, maganar ta fito can ƙasa, ba wanda ya ji. Iya Ladidi ta ce ya ɗaga murya, na bakin ƙofa ba su ji ba.

Ya ɗaga.

"Ba ke ba ce, Yaya. Tun farko ba ke ba ce. Na sani, na yi shiru, na bar ki cikin wannan hali. Na cuce ki. Don Allah ki yafe mini."